Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Shagunan Kwamfuta da Kafe na Birnin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena da ƙannena masu shagunan kwamfuta, na Mabera da Gawon Nama da Runjin Sambo da Arkilla da Farfaru, da ku da kuka kafa rumfuna a bakin ƙofofin manyan makarantu, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin zafi da na rashin wuta. Ni ɗan cikinku ne. Gyaran kwamfuta ne sana'ata a garin nan shekara da shekaru, kuma da yawanku na taɓa kwance muku inji na kakkaɓe ƙurar hunturu daga cikinsa. Don haka maganar da zan yi gyara kayanka ce, wadda ba ta zama sauke mu raba ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da na gani da idona a wani shago, lokacin da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito. Na je ɗaukar firintar da za a gyara. Wani dattijo daga wajen Gwadabawa yana zaune a benci da ɗansa, sun zo a duba musu sakamako a buga. Yaron shago ya rubuta sunan hukumar jarrabawar a wurin bincike, ya danna abin da ya fara fito masa, sai allon kwamfutar ya rine ja baki ɗaya. Dattijon bai iya boko ba, amma ya san ja. Ya ce, "Yaro, wanga ja hwa? Lahiya dai?" Yaron ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Baba, ba komi, haka nan taka yi kullum." Ya nemo ɗan rubutun da ke ba mutum damar wucewa, ya danna. Shafin da ya buɗe ya ɗauko tambarin hukumar da launinta, yana neman sunan ɗalibi da lambar waya da lambar katin banki. Na riƙe hannunsa na ce ya karanta mini adireshin da ke sama. Harafi ɗaya ne ya bambanta shi da na gaskiya.

Ban ga laifin yaron nan ba, kuma har yau ban gani ba. Da na duba kusurwar allon, agogon kwamfutar yana nuna wata shekara da ta wuce tun yaron yana firamare. Windows 7 ce a kanta. Injin da yake a wannan hali kusan duk shafin da aka buɗe sai ya yi ƙorafi, na gaskiya da na ƙarya, don haka tun ranar da yaron ya fara aiki aka koya masa cewa gargaɗi wani shinge ne da ake tsallakewa a yi wa kwastoma aiki. Mai gadin da ke ihun ɓarawo a kan kowane mai wucewa, ranar da ɓarawon gaske ya hauro ba wanda zai fito. Mu muka mai da injinanmu irin wannan mai gadi, kuma mu ne za mu gyara.

Gargaɗin da ke fitowa a burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su ne tushen matsalar. Jan shafin nan da ke rufe allo duka yana zuwa ne daga wani tsari na kamfanin Google mai suna Safe Browsing, wanda Chrome da Firefox da Safari duk suke dogara da shi. Edge kuma yana da irin nasa daga Microsoft. Abin da tsarin ke yi shi ne tara sunayen shafukan da aka kama suna raba muguwar manhaja ko suna kwaikwayon wani shafi don satar bayanai, sai burauza ta riƙa gwada duk adireshin da za ka shiga da wannan jeri. In ka ga ja, wani ya riga ya binciki shafin ya samu abu. Yakan yiwu a yi kuskure, amma shagon da ke riƙe da lambar NIN da BVN na mutane ba shi ne wurin gwada sa'a ba. A rufe, a rubuta adireshin da hannu daga takardar hukuma, in ya sake fitowa a gaya wa kwastoma gaskiya ya dawo gobe.

Akwai kuma wanda ke cewa haɗinka da shafin ba na sirri ba ne. Wannan maganar takardar shaida ce. Kowane shafi mai alamar kulle a gefen adireshinsa yana ɗauke da shaidar da ke da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma burauza da agogon kwamfutarka take auna waɗannan ranaku. In agogon ya koma baya da shekara goma, duk shaidar da aka kawo mata za ta ga lokacinta bai yi ba. Me ke mai da agogo baya? Wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo a jikin allon uwa na kwamfuta, lambarsa CR2032, shi ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. A garin da ake ɗauke wuta a kawo sau da yawa a yini, ga injinan da akasari na hannu muka saye su, batirin nan ya daɗe da mutuwa a shaguna da yawa. Kuɗinsa bai kai na man janareta na rabin yini ba. Wallahi abin yana ci mini rai, in tuna cewa wannan ɗan kwabon ne ya koya wa yara da yawa raina gargaɗi. In an sauya batiri, an daidaita agogo, gargaɗin ya ci gaba da fitowa a shafi ɗaya tak, to matsalar daga shafin take, kuma kada a shigar da kalmar sirri ko lambar kati a ciki.

Sai na ukun, wanda shi kansa gargaɗin ne tarkon. Shafi ya buɗe da ƙara da walƙiya, yana cewa an gano bairos a kwamfutarka, danna nan ka goge, ko kira wannan lamba. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarka haka kawai, kuma gargaɗin gaskiya ba ya ba ka lambar waya, ba ya neman kuɗi. Haka wanda ke cewa sai ka sabunta Flash, wata tsohuwar manhajar kunna bidiyo, kafin bidiyo ya buɗe: kamfanin Adobe ya binne Flash tun ranar 31 ga Disambar 2020, duk mai kawo maka shi yau wani abu ya ƙunsa a ciki. Abin takaici, na sha ganin yaran shago suna tsallake jan shafin gaskiya, sannan su yi biyayya ga na ƙarya, saboda na ƙaryar ya fi iya tsoratarwa. Kuma alamar kulle a gefen adireshi ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce, tana nufin dai ba mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninku. Ɗan damfara ma yana samun kulle kyauta. Shi ya sa Chrome ta cire alamar a 2023.

Yanzu bari in zo kan abin da na san za mu fi saɓani a kai, wato sabunta manhaja. Kusan duk injin da aka kawo mini daga shago, abin da nake fara tararwa shi ne an kashe sabuntawar Windows da gangan. Na san dalilanku, ba kuma na raina su. Data tana da tsada. Sabuntawa takan kama inji a daidai lokacin da layi ya kai bakin titi, ga janareta na shan mai, ga ɗalibi yana cewa yau ake rufe rajista. Wani lokaci ma a sabunta, firinta ta ƙi aiki. Duk na sani.

Amma ku dubi abin da ya faru a 2017. Ranar 14 ga Maris na shekarar Microsoft ta fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows, kyauta, ga duk mai so. Ranar Juma'a 12 ga Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolinsu tana neman fansar dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000. Mafi yawan injinan da ta kama Windows 7 ne, waɗanda maganinsu ya yi wata biyu yana jira ba a sha ba. Ba sai wani ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga inji zuwa inji a kan hanyar sadarwa ɗaya, kamar yadda injinan shagunanmu suke a jere. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawa kuwa yaɓe ce. Kuma duk ranar da kamfani ya fitar da gyara, ya sanar da duniya ke nan inda tsagar take, har da ɓarayi. Wanda bai yaɓe ba ya fi jiya zama cikin haɗari.

A lokacin WannaCry ana yi wa Windows 7 gyara. Yau ba a yi. Microsoft ta daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, ta daina da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya shiga tsarin tsawaitawa. Chrome ta ƙarshe da ke hawa Windows 7 ita ce ta 109, ta Janairun 2023. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan tana nan a buɗe, kuma a kan irin wannan inji ake shigar da bayanan ɗalibai masu neman rancen karatu, da na masu rajistar yi wa ƙasa hidima, da na ma'aikatan da ake tantancewa.

Ina da nawa tabon a wannan harka. 'Yar ƙanena tana shekarar ƙarshe a makaranta, ta kai aikin bincikenta wani shago ana buga mata babi bayan babi, kwafin yana injin shagon da filash ɗinta da ke maƙale a jiki. Mai shagon ya sauko da wata manhajar zane ta sata, irin wadda ake cewa kirak, kuma kamar yadda aka saba sai da ya kashe antibairos kafin ta yarda ta hau. Da safe duk fayilolin injin da na filash ɗin sun sauya suna, ba wanda ke buɗewa, sai wata 'yar takarda da ke neman dala 980, ko rabin haka in an biya cikin kwana uku. Masana sun san wannan iri da sunan Djvu, kuma babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce manhajar sata. Ta zo mini da filash ɗin tana kuka, "Baffa, don Allah ka yi wani abu." Na kwana biyu a kai, ban iya ba. Daga takardun da malaminta ya yi wa jan biro ta sake buga babi huɗu. Mai shagon mutumin kirki ne, ya rasa nasa aikin na shekaru, ya yi ta ba da haƙuri har na ji tausayinsa. Amma ku tsaya ku yi tunani a kan wannan mataki na kashe antibairos. Wanda ba ka sani ba ya ba ka kaya kyauta, sharaɗinsa ɗaya, ka sallami mai gadi kafin ya shigo, kai kuma ka sallama. Mutumin da ya ɓata lokacinsa ya fasa manhajar dala ɗaruruwa ya ɗora a intanet ba don Allah ya yi ba. In bai kulle fayil ba, yakan dasa abin da ke kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana, ko mai rubuta duk abin da aka danna a allon rubutu, kuma wannan ba ya nuna alama ko kaɗan. Injin yana aiki lafiya lau, asusun kwastoma ne ke zubewa bayan sati biyu, shi kuma ba zai taɓa danganta abin da shagonka ba.

Ba zan ce muku kowa ya sayi lasisin kowace manhaja gobe ba, na san yadda dala take. Ba zan kuma ce akwai manhajar kyauta da za ta maye muku CorelDRAW a aikin katin biki da kalanda ba tare da wahalar koyo ba. Abin da nake roƙo shi ne a raba. Injin da kwastoma zai shigar da kalmar sirri ko lambar kati ya zama mai tsabta: Windows da ake sabuntawa, ba kirak ko ɗaya, antibairos ɗin Defender da ke zuwa da ita a kunne. In injin ya tsufa ba zai ɗauki Windows 11 ba, a sa masa Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, kyauta ne, halal ne, ana sabunta su, suna ɗaukar Chrome da Firefox, kuma cike fom a intanet bai san bambanci ba. LibreOffice tana buga wasiƙa da takardar neman aiki ba tare da ko kwabo ba. Yaran shago su riƙa aiki da asusun da ba shi da ikon ɗora manhaja, kalmar sirrin babban asusu ta zauna wurin mai shago.

Maganar data kuma tana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Microsoft tana fitar da manyan gyare-gyarenta ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka abu ne da ake iya sa wa rana, kamar yadda ake sa ranar juyen man janareta. A cikin saitin sabuntawa akwai wurin da ake ba injinan da ke kan hanyar sadarwa ɗaya damar karɓa daga junansu, ɗaya ya sauko, saura su ɗiba daga gare shi. Ku zaɓi safiyar da kasuwa ba ta da ƙarfi ku yi.

Filash kuwa kun fi ni sanin halinsa. Bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi masu kama da su ya zaga garin nan ya fi a ƙirga, daga shago zuwa ofis zuwa kwamfutar malami. A bincika kowane filash kafin a buɗe. Wanda zai turo takarda ta WhatsApp ya turo wa lambar shago, a daina sa mutane suna haɗa nasu WhatsApp da injin shago su tashi su bar shi a buɗe.

Akwai abin da ba bairos ba ne amma ya fi shi ba ni tsoro. Ku buɗe jakar saukarwa ta kowane inji a shagonku yau da dare. Za ku ga takardun NIN, da hotunan fasfo, da takardun haihuwa, da bayanan asusun banki, da sakamakon asibiti, na mutanen da suka zo tun bara. Burauza kuma ta adana imel da kalmar sirrin duk wanda yaro ya danna wa "adana". Mai takardar ya biya kuɗin bugawa ya tafi, bai san ya bar rabin rayuwarsa a teburinku ba. Wannan amana ce, ko da ba a ambata ba lokacin da aka ba ku. Doka ma ta san da ita. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ambaci kafe da suna, ta wajabta masa rajista da ajiye littafin masu shiga. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai sarrafa bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙara. Goge jakar nan kowane dare da hana burauza adana kalmar sirri ba sa cin ko sisi.

Ku kuma da kuke gina wa makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi shafukan intanet, in jan gargaɗi ya hau shafin da kuka gina, kada ku ce wa mai makaranta Google ce ta samu matsala, ya gaya wa iyaye su danna su wuce. Akasari shafi ne da aka gina da manhajar WordPress, aka ɗora masa jigon ado ko ƙarin manhaja na sata, ko aka shekara ba a sabunta ba, masu kutse suka shiga suka dasa abinsu. A tsabtace shi, a sabunta, a sauya kalmomin sirri, sannan a nemi Google ta sake dubawa ta Search Console, dandalinta na masu shafuka. In ya tsarkaka suna cire jan.

Roƙona na ƙarshe ga manyanmu ne, waɗanda in sun kira taro ake zuwa. Alhazai, ku tara mu wata Asabar, kowa ya zo da yaran shagonsa, domin su ne hannunsu ke kan linzami, ba mu ba. A nuna musu gargaɗin nan uku a allo, su gani da idonsu, a bayyana musu da Hausa, tunda da Turanci suke fitowa kuma ba kowane yaro ke tsayawa karantawa ba. A rubuta a kwali a manna a gefen kowane inji: in ka ga ja, tsaya ka kira mai shago. Sannan ku yi wa yaran alkawarin cewa wanda ya tsayar da aiki saboda gargaɗi ba za a yi masa faɗa ba, ko da kwastoma ya yi fushi ya tafi shagon gaba, domin tsoron faɗanku ne ke sa su dannawa. Ni zan zo da sukundireba da batiran agogo, duk wanda ya kawo injinsa ranar zan sauya masa in daidaita lokaci, ba zan karɓi kuɗin aiki ba.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu da dukiyar mutane da ke hannunmu.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku mai gyaran kwamfuta,
Sakkwato.